Tsarabar Kawu

Ciwon haƙori ne ya koya wa Inna, mahaifiyata, tabar gari. Wata maƙwabciyarmu a Dangora ta ce ta haɗa garin taba da 'yar kanwa ta cusa a kogon haƙorin, zai lafa. Ya kuwa lafa. Haƙorin ya daɗe da faɗuwa, amma tabar ta samu wurin zama tsakanin leɓenta na ƙasa da dasashi, shekara da shekaru.

A danginmu ba a zuwa gaishe da tsohuwa hannu rabbana. Wasu goro, wasu sabulu. Shi Kawu, yayanta da ke noma a wajen Falgore, ƙullin taba yake kawowa, wadda ya shuka a bayan gida, ya shanya, ya sa aka daka. Yana ji da ita kamar ya kawo zuma.

Da dasashin Inna ya fara jini, na kai ta Kano wajen wata likitar haƙori. Na zaci magani za ta rubuta mu kama hanya. Sai ta ja leɓen ƙasa, ta haska fitila, ta kira ni ta nuna min wani farin tabo daidai inda tabar ke kwanciya.

"Mama," ta ce wa Inna, "wurin nan ya gaji. In kin bar taba yanzu, ina sa ran zai warke. In ba ki bari ba, yana iya zama ciwon daji."

Ba ta yi mata faɗa ba. Ta tambayi lokacin da kwaɗayin ya fi taso mata, Inna ta ce bayan cin tuwo. Likitar ta ce ta riƙa tauna asuwaki a lokacin, ta rage tabar kaɗan-kaɗan, kuma mu riƙa dawowa tana dubawa. Inna ta sha wuya. Ga ciwon kai, ga masifa, har kajin gidan sai da suka ji a jikinsu. Amma ta bari. Tabon ya fara ja da baya, likitar ta nuna mana a madubi, murnarta har ta fi tamu.

Bayan girbi sai ga Kawu. Na tare shi a zaure, na durƙusa, na yi masa bayani tiryan-tiryan.

"Ke yarinya," ya ce, "ubanmu da taba a baki ya tsufa. Ita likitar haƙori ina ruwanta da taba? Ta cire haƙori ta yi shiru."

Ya wuce ciki ya ajiye ƙullin a gabanta. A wurinmu ƙin karɓar tsarabar babba kamar yanke zumunci ne. Inna ta karɓa da hannu biyu. Bai tsaya nan ba, ya gyara zama ya ce ta ɗanɗana a gabansa ya ji ko ta bana ta yi. Ina tsaye ina kallo ta dangwala. Har yau in na tuna zaman nan nasa sai in ji zuciyata tana tafasa. Wallahi ba son 'yar'uwarsa ya zaunar da shi ba, so yake a yabi tabarsa.

Na zubar da ƙullin, ya aiko da wani ta hannun masu zuwa kasuwa. Inna ta koma wa tabar, kunya kuma ta hana ta komawa wajen likitar. Baiwar Allahn nan ta yi ta kirana a waya tana cewa, "Ki kawo ta ko da ta koma cin tabar, ba zan yi mata faɗa ba." Inna ta ƙi, wai da wane ido za ta kalle ta.

Lokacin da ta yarda, tabon ya zama gyambo. Likitar ta tura mu babban asibiti, aka yanke wani sashe na leɓen da muƙamuƙin. Ta zo har gadon Inna ta riƙe hannunta, ba ta ce "ai na faɗa" ba.

Kawu ma ya zo dubiya. Ya ce ƙaddara ce, kuma dama tun da aka fara taɓa ta da ƙarfen asibiti ya san za a yi haka. Da zai tafi ya sa hannu a aljihu ya ciro ƙulli. Kafin in yunƙura, Inna, bakinta naɗe da bandeji, ta miƙa hannu biyu ta karɓa.