Sunan da Hajiya ba ta taɓa kamawa ba

Shekarun baya, lokacin ina fama da karatun digiri na uku a nan Kuala Lumpur, muna zaune a wani ɗan gida a saman bene can wajen Titiwangsa, ni da matata da 'yarmu ta fari. Yarinyar a Kano aka haife ta, amma a nan ta yi baki. In ka yi mata Hausa sai ta amsa maka da Turanci, ta liƙa masa “lah” a ƙarshe kamar 'yar ƙasa.

Wata rana na dawo daga makaranta a gajiye, na tsaya a mamak, irin shagon abincin nan na Indiyawa Musulmi, na yo mana tapau, wato ƙunshin tafi-da-gidanka, na gurasar roti da shayi saboda matata tana laulayin ciki, ba ta son warin girki. Ko takalmi ban cire ba yarinyar nan ta tare ni da labari. An kawo musu sabuwar malama, Baturiya 'yar Scotland da ke auren wani Bamale, ɗan ƙasar nan. Ta rubuta musu sunanta a allo, Colquhoun, ta ce kowa ya karanta. Duk ajin suka yi ta karya harshe, ita kuwa tana dariya. Daga ƙarshe ta ce musu Kahun ake cewa, haka kawai, a ja ƙarshen. Ta ce asalinsa sunan wani yanki ne na ƙasa a wajen wani babban tafki a ƙasarsu, kakanninta suka zauna a wurin har aka riƙa kiran su da shi. Sai ta ba su aiki: kowa ya je gida ya tambayo asalin sunan gidansu, ya zo ya faɗa wa aji.

Na ce a raina, wannan ai abu ne mai sauƙi. Na gyara zama kamar wani masanin tarihi, na ce mata sunan da muke amfani da shi, Ƙaraye, sunan garinmu ne, kamar dai na malamarta. Na ba ta labarin da na sani: lokacin da aka kai mahaifina makarantar kwana yana yaro, malami ya tambaye shi sunan ubansa. Shi kuma ya sunkuyar da kai, don a tarbiyyarsu yaro ba ya kama sunan mahaifinsa. Da malamin ya gaji da jira sai ya ce, “To daga wane gari kake?” Shi ke nan, sunan gari ya zauna a mazaunin sunan uba, mu ma muka gada.

Sai ta ce, da Turancinta, “To shi uban nasa, yaya sunansa?”

Na shiga laluben sunan a kaina.

Malam. Abin da na sani ke nan. Malam na unguwar Dukawa, baduku ne da ya zo daga wajen Damagaram da kayan aikinsa, ya zauna a garinmu yana ɗinka sirdi da jakunkunan fata. Ya rasu ina goye, mahaifina ya bi shi ban daɗe da fara tafiya ba. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, ita ma ta rasu kafin mu taho Malesiya. Ga ni ƙato da gemu, ina rubuta kundi a kan injinan ruwa, amma sunan kakana ya gagare ni. Matata tana daga kwance ta ce, “Dakta ke nan.” Ban ma kula ta ba.

Bayan magariba, lokacin a gida azahar ta kusa, na kira mahaifiyata. Hajiya ita ce ta yi jinyar Malam a ƙarshen rayuwarsa, ita ke dama masa fura. Na san ta sani. Ƙanwata ta riƙe mata wayar muna ganin juna. Muka gaisa, ta tambayi mai jiki, ta tambayi ruwan sama. Ni ɗan fari ne, don haka ni ma ba ta taɓa kiran sunana ba, “kai” ne kawai tun ina yaro. Na yi ta kewaye-kewaye, daga baya na ce, “Hajiya, wai don Allah mene ne ainihin sunan Malam?”

Ta ja baya daga wayar kamar na watsa mata ruwan zafi.

“La'ilaha illallahu! Kai, zaman ƙasar waje ne ya mayar da kai haka? Ni ce zan kama sunan Malam? Da wane bakin?”

Na ce, “Hajiya, bawan Allahn nan fa ya daɗe da rasuwa.”

“Da ya rasu sai aka ce maka ya daina zama surukina?”

Na ce yarinya ce aka ba aiki a makaranta. Ta ce to a ce wa malamar Malam ne sunansa, in bai ishe ta ba ta zo Ƙaraye ta tambaya. Ta miƙa wa ƙanwata wayar, ta ce alwala za ta yi. Ƙanwata ta ce ita ma ba ta sani ba, ta kuma zaga unguwa washegari, amma tsofaffin Dukawan da suka yi zamani da shi duk sun kau, sauran kuwa Malam suka tashi suka ji ana cewa.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na yi ta yi wa matata mita, wai wace irin kunya ce wannan da za ta sa sunan mutum ya ɓace. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, “Abban yara, tun da aka kawo ni gidanka ka taɓa jin na kira sunanka?” Na yi tunani, ban taɓa ji ba. Ta ce, “To ka bar Hajiya. Ba a yi wa irinsu tambaya gaba da gaba kamar ɗan sanda.”

Kwanaki kaɗan bayan haka na je ɗauko yarinyar, ruwa ya tsare mu a barandar makaranta, irin ruwan yamman nan na Kuala Lumpur da ke sauka kamar da bakin ƙwarya. Malamar tana wurin ita ma tana jiran ya tsagaita. Mace ce mai furfura, ta manyanta. Na ba ta haƙuri a kan jinkirin aikin, na gwada kiran sunanta yadda 'yata ta koya mini. Ta ji daɗi ƙwarai. Ta ce ta daɗe a ƙasar nan, kuma tun tuni ta haƙura, kowa ya kira ta yadda bakinsa ya iya. Mahaifinta ne kaɗai, in ya bugo waya, yake tsokanarta da cikakken sunan yadda ake faɗarsa a garinsu. Da ya rasu sai ta lura ta yi wata da watanni ba ta ji shi daidai a bakin kowa ba. Shi ya sa duk ajin da aka ba ta take fara koya musu shi. Ta ce, “Ina so in riƙa ji ne kawai. Sunan da ba a faɗa, tafiya yake yi.”

Na ce mata mu kuwa a wurinmu akasin haka ne. Wanda ka fi girmamawa shi ne ba ka kama sunansa: ubanka, surukinka, mijinki, ɗanki na fari. Ta yi mamaki sosai, ta ce abin ya burge ta. Sai ta tambaye ni, ba da gatse ba, “To a ina kuke ajiye shi?”

Na ce a zuciya. Ta gyaɗa kai. Amma a cikin jirgin ƙasa muna komawa gida amsar ta yi ta damuna, domin na san zuciyar da aka ajiye namu a ciki guda ɗaya ce tak, kuma ta tsufa.

Kamar na yi baki. Ba a rufa mako ba ƙanwata ta kira tana kuka, hawan jinin Hajiya ya tashi, ta faɗi a tsakar gida, an kwantar da ita a asibiti. Wanda bai taɓa zama a wata uwa duniya mahaifiyarsa tana kwance ba, ba zai gane ba. Ba abin da zan iya sai addu'a da kallon waya. Na ji tsoron rasa ta, tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Kuma can ƙasan wannan tsoron akwai wani ƙarami da nake jin kunyar kaina a kansa: in ta tafi, Malam ya tafi ke nan gaba ɗaya, ko sunan da za mu sa a addu'a babu. Na yi wa kaina alkawari in Allah ya tashi kafaɗunta ba zan sake tayar mata da maganar ba.

Allah ya ba ta sauƙi, aka sallame ta. Ranar wata Asabar mun dawo daga kasuwar Chow Kit da kayan miya, sai ga kira, kuma ita ce ta sa a kira. Ta rame, muryarta ta yi ƙasa. Na fara jero sannu, ta katse ni.

“Kai, ba wurinka na zo ba. Ba ni ƙawata.”

Na miƙa wa 'yata wayar. Hajiya ta ce, “Ke Baturiya, an ce kina zuwa Islamiyya. Ko ƙarya ne, yawo kike yi?”

Yarinyar ta ce da guntuwar Hausarta, “Ina zuwa lah, Kaka!”

“To bari in gani. Wane Annabi ne kifi ya haɗiye?”

Ko numfashi ba ta ja ba ta ce, “Yunus!”

Hajiya ta ja mayafinta ta rufe fuska. Can daga cikin mayafin ta ce, “To. Ni dai ban faɗa ba.”

Matata ce ta fara fahimta, ta dafe baki. Ni kuwa sai na zauna a kan buhun shinkafar da muka shigo da shi. Yunusa. Nan take abubuwa suka riƙa dawo mini. Akwai wani Yunusa ɗan gidan liman da muka taso tare, kullum yana gidanmu, amma Hajiya “ɗan gidan liman” take ce masa, ni a zatona mantuwa ce. In tana yi mana tilawa kuwa, ba ta taɓa cewa komai ba sai “surar da ke bin Tauba.” Ashe duk tsawon rayuwata ina ganinta tana kewaye sunan nan kamar mai kewaye shimfiɗar baƙo, ban taɓa lura ba.

Da ta buɗe fuska idanunta sun yi ja. Ta ce a gadon asibiti ta yi ta tunani, ta ga bai kamata ta tafi da kayan mutane ba. Ta ce, “Babanku ya so in aka sake samun namiji ya mayar da sunan. Allah bai nufa ba.” Daga nan ta koma faɗan wai mun bar yarinya ba kitso.

'Yata ta je ta faɗa wa ajinsu cewa sunanmu na gari ne, amma a bayansa akwai wani baduku mai suna Yunusa. Ta ce malamar ta yi ta ƙoƙarin furta Ƙaraye, harafin farko ya ƙi fita, yara suka rama dariyar da ta yi musu.

Da matata ta sauka, namiji ne. Ban yi shawara da kowa ba. Na yi masa huɗuba a kunne, kuma tun da na san sunan Malam ne, a ranar ne kaɗai na taɓa faɗarsa da bakina. Aka raɗa suna bayan asuba a masallacin unguwa, 'yan uwa ɗalibai suka cika mana gida, aka ci naman da mahaucinmu na Chow Kit ya gyara. Kafin yamma kowa ya koma ce wa jariri Malam, har da ni. Na lura da haka, na yi dariya ni kaɗai: mun sha wahala mun tono suna, ga shi tun ranar farko mun fara mayar da shi rami.

Mutum ɗaya ce ta ƙi. Da muka kira Hajiya don ta ga angon nata, yayarsa ta ɗago shi gaban waya ta ce da ƙarfi, “Yunusa, ga Kaka!”

Na daka mata tsawa, na ce ba a haka a gaban Hajiya. Sai na ji Hajiya ta ce, “Kai, ƙyale ta.” Ta matso da fuskarta kusa. “Rabon da in ji an kira wani ɗan gidanmu da sunan nan tun ranar da aka fita da gawar Malam. Ke ƙawata, sake faɗa in ji.”

Hajiya ta rasu yanzu, Allah ya jiƙanta, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta kama sunan ba. Na daina ganin laifinta tun tuni. Da ba ta girmama shi haka ba, da wataƙila ita ma ta manta shi kamar sauran mutanen unguwa. Ban kuma ga laifin malamar nan da take son a riƙa faɗa ba. Abin da na gane shi ne gida yana bukatar duka biyun, mai ɓoyewa da mai kira.

Yaron ya girma, yana makarantar da yayarsa ta yi. Ni har yau Malam nake ce masa, bakina ya ƙi. Amma in an zuba abinci yayarsa ta leƙa ta baranda ta ƙwala masa kira har maƙwabta su ji, ba na hana ta. Wani lokacin ma, in ya yi jinkirin amsawa, ni ne ke cewa, “Bai ji ba, sake kiransa.”