Matata Tana Goyon Ciki a Tozai

Wani ɗan miki ne ya hito mini a gaba, bai wuce ƙwayar wake ba, bayan wata tahiya da na kai gero Nijar. Ba zahi, ba ƙaiƙayi. Na ɓare kafso na barbaɗa masa, mako uku ya ɓace. Na ce to, ashe gugar sirdin babur ce. Ni dai akwai ni da saurin wanke kaina, alhali na san inda na sauka a tahiyar nan.

Sai da tahin hannuna ya yi ɗigo-ɗigo na shiga mota zuwa Isa. Ban je asibitin garinmu Sabon Birni ba, don rabin masu bin layi can abokan kasuwata ne. Malamin asibitin ya ɗebi jinina, ya ce tunjere ne, ciwon da ake kwasowa wajen kwanciya, kuma ɓacewar mikin ba warkewa ba ce. Da ya yi mini allura ya ce, "Kana da iyali?"

Na ce cikinta wata bakwai.

Ya aje biro. "Ka kawo ta gobe. Ciwon ga yana bin ɗa har ciki. In anka makara, ana iya haihuwarsa ba rai."

Matata tana Tozai goyon ciki, wajen uwarta, kuma mai cikin fari ba ta barin gidansu sai ta haihu ta gama wanka. Ni ko tsakanina da surukata kunya ce tsantsa, in na hango ta a hanya gona nake ratsewa.

Duk hanyar Tozai ina tsara ƙarya, tsoro na cin raina. Na durƙusa a zaure, surukata tana bayan zana, munka gaisa. Na ce, "Inna, awo nake son kai ta Isa."

"Ta yi awo makon jiya," in ji ta. "Hanyar ga da ba lahiya, ba a hita da mai ciki haka kawai."

Ƙaryata ta ƙare. Na ce, "Inna, ciwo na kwaso a tahiya. Na sa mata. Yana iya kashe ɗan."

Sai na ji ta kira ɗiyarta, ta ce ta ɗauko mayahi.

"Ni za ni kai ta," ta ce. "Kai ka tahi gona, ubanta yana can. Ka maimaita masa abin da ka gaya mini."