Baba Delta, Mai Haɗa Injuna

Haihuwa
An haife shi a shekarar 1951 a wani gari na bakin layin dogo. Mahaifinsa maƙeri ne, mahaifiyarsa kuwa ungozoma.

Koyon sana'a
Bayan ya kammala firamare a 1964, kawunsa ya kai shi shagon naɗin injunan lantarki, inda ya fahimci cewa inji mai layin wuta uku haɗi biyu gare shi: na sta, wanda ke bai wa kowane naɗin waya rabin ƙarfin wutar da ɗan ɗoriya, da na delta, wanda ke sakar masa ita baki ɗaya. A 1970 ya yi wa wani injin niƙa haɗin delta alhali sta aka rubuta a jikinsa, nan take hayaƙi ya turnuƙe shagon. Maigidansa bai kore shi ba, sai dai ya sa shi sake naɗin da hannunsa, ya kuma laƙaba masa Delta har abada.

Aiki da aure
A 1973 ya kama aiki a gidan ruwa, a 1976 kuma ya auri wata tela, wadda takan ce: "Yana jin tarin inji daga bakin titi, amma kiran abinci sai na yi sau uku."

A 1986 sabon injin tura ruwa ya riƙa katse wuta da zarar an kunna shi, gari ya kwana tara babu ruwa, har da asibiti. Da manaja ya yanke shawarar mayar da injin inda aka sayo shi, sai Delta ya ce: "Ranka ya daɗe, lafiyarsa ƙalau, a firgice ake tashinsa. A tashe shi a sta, kashi ɗaya cikin uku na wutar zai ja, in ya kama gudu a mayar da shi delta." Aka yi yadda ya ce, kafin la'asar famfuna suka kawo ruwa.

Tsufa da rasuwa
Ya yi ritaya a 2008. Ko da ganinsa ya raunana, almajiransa na sana'a ba su daina kawo masa injuna ƙofar gida ba, ya dafa da tafin hannu ya faɗi ciwonsu.

Allah ya yi masa rasuwa ranar 14 ga Maris, 2021, bayan gajeriyar jinya, aka yi masa sutura a ranar. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: babbar, malamar makaranta, mai bi mata, direba, na uku, ma'aikacin jinya, sai auta, injiniyar lantarki, wadda ita kaɗai ya taɓa yarda ya ara wa filayarsa ta kama waya.