Ruwan da Ya Iske Yaya Sabi'u a Kabari

Bana shekara bakwai ke nan da muka binne yayana, Injiniya Sabi'u, a maƙabartar ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Na so in yi masa addu'a kawai in ja bakina, amma abin da na gani a damunar nan ya hana. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba.

Yaya Sabi'u yana cikin waɗanda suka yi aikin magudanan ruwa a gonakin noman rani. Shi ke ƙiyasta yawan ruwan saman da zai kwararo daga fili, don a san girman kwalbatin da za a sa. Kafin ya taɓa lissafi sai ya tambaya, "Daga ina ruwan nan yake taruwa?" In fili ƙarami ne, 'yan gonaki da bayan gidaje, gajeren lissafi yake yi: faɗin filin, ƙarfin ruwan, da yadda ƙasar take sha. In kuwa mai faɗi ne, sai ya ajiye wancan, ya sa takalmin roba ya bi rafi har mafarinsa, yana duba inda ambaliya ta bar shara a jikin bishiyoyi. Yakan ce mini, "Kai Ado, a ƙaramin fili tare ruwa yake sauka, tare yake isowa. A babba kuwa, sai a tafka shi can wajen Madobi muna nan muna shan rana, bayan la'asar ya sallamo mana."

Bara aka ba wani ɗan kwangila cikon hanyar da ta bi gefen maƙabarta. Da ya zo kan rafin da ya ratsa hanyar, sai ya binne ɗan ƙaramin bututun siminti irin wanda ya sa a bayan kasuwa, inda ruwan rumfuna kaɗai ke bi. Na je na yi masa magana. Ya dube ni ya ce, "Malam, ruwa ai ruwa ne. Zamanin tsuke bakin aljihu ake." Bai taka ko'ina ba, bai tambayi kowa ba, kuma aka samu mai sa hannu ya ce aiki ya yi.

To, wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Cikin watan Agustan bana rafi ya kawo, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Ruwa ya daki hanya, ya rasa mafita, ya juya cikin maƙabarta. Da muka isa da fartanyoyi, kabarin Yaya ya zabtare, itatuwan rufinsa a waje. Ni da hannuna na mayar da su, ina kwasar taɓo ina tsaki. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana nema wa ruwa hanya, shi ne ganganci ya tura wa ruwa har makwanci. Da yana raye, ba faɗa zai yi ba. Tambayar nan tasa zai yi, kunya ta kama mai ita.

Me ya rage nasa? Tsohon kwalbatin da ya auna a ƙasan rafin yana nan, ranar ma ya wuce da ruwan lafiya lau. 'Yan garinmu kuma sun daina cewa ƙaddara ce kawai, sun fara tambayar daga ina ruwan ya taru.

Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka makwancinsa. Bututun dai har yau ba a cire shi ba. Na jera buhunan yashi ta wajen kan kabarin Yaya, kuma duk lokacin da hadari ya haɗu ta Madobi, nakan ɗauki fartanya in tafi.