Kuran ya ɗauke, diskin Shu'aibu bai mutu ba

Jama'a, yau na taya mutum murna da baki, zuciyata kuwa ta ƙi.

Kun san a buronmu, wato ofishinmu na Konni, darakta ya ce wanda ya fara zaunar da Linux kusa da Windows a tasa ordinatar, wato kwamfuta, shi za a tura horo Yamai. Ni na daɗe ina shiri: na karanta, na kwashe takarduna a CD, na jera abin da ke cikin diskin kafin in rage shi don Linux ya samu wuri. Shu'aibu, abokin karatuna tun jami'a, bai kwashe ko wasiƙa ɗaya ba. Shayi a hannu, ya ja iyakar diskin yadda ya ga dama, ya mai da sabon ɓangaren ext3, tsarin da Linux ke zama a kai, ya danna.

Na ce, “Malam, aikin duk makarantun Malbaza na ciki fa!”

Ya ce, “Abokina, kai dai tsoro ya yi maka yawa.”

Ana tsakiyar aiki, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke! Allah ya gafarta mini, wani sanyi na ji a raina.

Da kuran ya dawo, ya kunna. Windows ya tashi, babu abin da ya ɓata! Ya sake dannawa, Linux ma ya zauna. Darakta na tsaye bayansa, ya ce, “Shu'aibu, shirya jakarka.”

Na ce, “Barka.” Muryar ma ba tawa ba ce.

Tawa ordinatar ta gama bayan la'asar, tsaf, yadda littafi ya ce. Na waiga in nuna, kowa ya tashi.