Raminmu a Dutsen Niƙa

A bayan ƙauyenmu, can gefen Kwaja, akwai wani faffaɗan dutse mai ramuka goma sha ɗaya a jere. Muna yara an ce mana aljanu ne suka haƙa su, don kada mu yi wasa a wurin. Da na yi boko na dawo ina hura hanci, ban ƙara ganin komai a dutsen ba sai tsakuwa.

Shekarar da ruwa ya cinye mana kwalbati, ni na miƙe a gaban dattawa na ce a fasa dutsen a gyara hanya da tsakuwarsa. Har masu guduma na ɗauko daga Mubi. Muka isa da hantsi, sai ga Goggo, yayar mahaifina, zaune a kai ta miƙe ƙafa kamar a tsakar gidanta.

"Ɗan boko, zo ka sa hannu a nan," in ji ta.

Na durƙusa ina jin kunya. Ramin ƙarshe ne, cikinsa sumul.

Ta ce kafin zuwan inji kowane gida da raminsa, kuma ba sassaƙawa ake yi ba, niƙan dawa ne ke cin dutsen a hankali, uwar miji ta bar wa suruka. Baƙo kuwa ko ya shekara goma, baƙo ne, sai ranar da matan gari suka matsa suka ba matarsa wuri.

"Kakanmu ya zo daga Borno da jaki ɗaya, yana sayar da kanwa. Ba gona, ba dangi. Matan nan suka ce ma matar shi, zauna nan. Shi ne wannan ramin. Ka fasa shi, gobe in an ce kai ba ɗan gari ba, wane takarda za ka nuna?"

Wallahi raina ya ɓaci, don a gaban mutane ta yi mini. Amma na kasa cire hannuna.

Na sallami masu guduma. Tsakuwar a kwando muka kwaso ta daga bakin mayo, wato rafinmu, mako uku ana yi mini dariya.

Goggo ta rasu tuni. Bara na kai 'yata wurin, ta leƙa ta ce namu ya fi na kowa ƙanƙanta. Na ce ƙwarai, mu muka zo daga baya, amma ki duba da kyau, layi ɗaya yake da na kowa.