Tayoyin Malam A-Hankali

Duk unguwar babu mai kiransa da sunansa na yanka. Malam A-Hankali ake ce masa, kuma sana'arsa ce ta jawo masa sunan. Mai koyar da tuƙi ne a wata 'yar makaranta da ke bayan tashar mota, ɗaki ɗaya da benci biyu da allon alamomin hanya wanda fentinsa ya koɗe. Tun gashinsa yana baƙi yake zama a kujerar gefen direba, ƙafarsa a kan birkin nan na biyu da ake ƙera wa motar koyo, bakinsa na maimaita abu ɗaya daga safe har la'asar.

"A hankali, ɗana. Saki kuloc a hankali. Ba da ita kake faɗa ba."

Ya koya wa ma'aikatan banki, ya koya wa matan da mazajensu suka gwada koya musu har aka kusa raba aure, ya koya wa dattawan da ke riƙe sitiyari kamar za su shaƙe shi. Kowa ya samu lasinsa sai ya yi gaba. Wani lokaci yana tafe da sabon ɗalibi a gefen titi, motar na tafiyar hawainiya, sai wanda ya koya wa bara ya zo ya danna musu hon, ya wuce fuu ko waiwaye babu. Gwiwar Malam ta dama ce kawai ke amsawa, don ta daɗe tana yi masa ciwo.

Matarsa, Maman Auta, a ɗakin wanki na wani asibiti take aiki, a tsaye take wuni tsakanin injin wanki da teburin guga. 'Ya'ya duk sun kama gabansu, har Autar ta tafi karatu wani gari. Da yamma su biyu suke haɗuwa a tsakar gida, a zuba ruwan ɗumi a baho ɗaya, kowa ya tsoma ƙafafunsa. Hira ba ta yi musu yawa. Ita ta ce yau zannuwan gado sun fi na jiya, shi ya ce yau wata ta kusa hawa da shi kan baranda, shi ke nan.

A garejin da ake gyara motar makarantarsu ya fara ganin motar. Tana can ƙarshen fili an lulluɓe ta da tamfol, hancinta kawai ya leƙo, ruwan ɗorawa. Da makanikin ya yaye tamfol ɗin sai ga motar tsere mai ƙofa biyu, ƙasa-ƙasa kamar ta durƙusa, kujeru biyu kacal. Mai ita ya bar gari, ya ce a sayar da ita. Malam ya zagaya ta, ya shafa bayanta, ya tafi. Bayan sati ya dawo ya sake zagaya ta. A zuwa na ukun, ɗan abin da ya daɗe yana ajiyewa saboda tsufa ya tafi, motar ta biyo shi gida.

Maman Auta ta fito da tsintsiya a hannu, ta tsaya ta ƙare mata kallo.

"Baban Auta, wannan mota ce ko akwatin ashana? In baƙo ya zo a ina za ka sa shi, a aljihu?"

"Ba ta baƙi ba ce."

"To ta wace ce?"

Ta girgiza kai ta ce tsufa dai ya zo da gardama, ta ƙara da cewa ita kam ƙafarta ba za ta taka cikin wannan abin ba, ta koma ga shararta.

Injin lafiyarsa lau, in aka tayar da shi har tagogin maƙwabta sai sun amsa. Matsalar a ƙasa take. Tayoyin nan huɗu kowace da uwarta: ɗaya ta yi sanƙo, ɗaya ta sha faci har ba a gane asalinta, biyun baya kuma tsayinsu bai zo ɗaya ba. Da ya hau titi sai motar ta riƙa ja gefe kamar akuyar da ta hango ganye, sitiyari na rawa a hannunsa.

Sai ya nufi wajen Mai Taya, abokinsa tun suna samari. Shagon siriri ne kamar lungu, tayoyi jere har rufi, warin roba ya kama bango, injin iska na tari a ƙofa. Shi ma Mai Taya shekaru sun taɓa shi, bayansa ya ƙi lanƙwasa, sai ya jawo 'yar kujera ya zauna kafin ya duba kowace ƙafar mota. Ya buɗe ƙofar direba yana neman 'yar takardar da kamfani ke mannawa a jikin ginshiƙi, mai faɗin girman tayar da ta dace. Wani mai fenti ya riga ya shafe ta tas.

"Allah ya shirya masu fenti," in ji shi. "Kawo jak."

Suka kwance ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ya juya kowane rim yana goge cikinsa da tsumma har lambobin da aka buga a ƙarfen suka fito. Ya daɗe yana kallo, sannan ya yi 'yar dariya.

"Mutumina, 'yar gayu ka auro. Takalminta na gaba daban, na baya daban. Rim ɗin baya ya fi na gaba faɗi, don da baya take turawa."

Ya ɗauki alli ya rubuta a jikin bango: 225/40 a gaba, 255/35 a baya, rim sha takwas. Ya ce lambar farko faɗin tayar ce, ta biyu kaurin gefenta, kuma irin wannan mota siririn gefe take so don kada ta yi lilo a kwana. Akwai kuma wani harafi a ƙarshe mai nuna iyakar gudun da tayar za ta jure kafin zafi ya ci ta.

"Na gaba zan samo maka cikin satin nan. Na bayan ne aiki."

Haka kuwa aka yi. Na gaba suka zo, na baya suka ƙi samuwa. Mai Taya ya buga waya har kunnensa ya yi zafi. Malam ya bi kasuwar 'yan kayan mota rumfa-rumfa bayan ya tashi aiki, yana jan gwiwa, yana nuna lambar a tafin hannunsa. Wannan ya ce an gama jiya, wancan ya ce ya dawo jibi, wani ya fito masa da tayar ƙaramar motar kaya ya rantse ita ce.

Wata rana da dukansu biyu suka gaji, Mai Taya ya gangaro da wasu tayoyi biyu daga saman jeri. Faɗinsu daidai, amma gefensu ya fi kauri.

"Ba su ne ba," ya ce, yana kallon ƙasa. "Amma bambancin bai kai yatsa biyu ba. Ko mu gwada?"

Mutumin da ya yi rayuwarsa yana ce wa mutane su bi a hankali, ranar nan shi ya ce a ɗaura. Suka ɗaura. A kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta komai lafiya. Da ya zo tudun rage gudu na gaban makarantar firamare, bayan motar ya sauka, sai ya ji ƙuuu, kamar an ja tebur a kan siminti. Tayar ta gogi bakin bodi. Kafin ya kai gida ƙarfen ya yanka gefen ta hagu, zare ya fito fari.

Washegari ya komo da ita a hankali, fitilun gargaɗi na ƙiftawa. Mai Taya ya sa yatsa a yankan, ya yi tsaki.

"Laifina ne."

"Namu ne. Ni na ce a ɗaura."

Aka kai motar gida, aka ɗora bayanta a kan bulo, ta zauna a tsakar gida kamar mai jinya. Damina ta shigo ta same ta a nan. Kyanwar maƙwabta ta mai da bonet wurin barci, Maman Auta kuma ta gano cewa rufin motar na busar da tawul da wuri. In Auta ta bugo waya sai ta ce, "Baba, ya jikin amarya?" Uwar ta karɓe wayar ta ce amarya dai har yanzu babu takalmi.

Sau biyu ana kawo musu tayoyi masu lambar daidai. Na farkon, Mai Taya ya duba shekarar da aka buga a gefensu ya ce sun tsufa a sito, robar ta bushe, ya danna farce bai shiga ba. Na biyun sababbi ne fil, amma harafin gudunsu na motar kai yara makaranta ne. Malam ya ce shi fa ba tsere zai shiga ba. Mai Taya ya ce ya sani, amma sun riga sun gwada "ba komai" sau ɗaya, sun ga inda ta kai su. Malam ya koma gida ya tsoma ƙafa a baho, ya fara tunanin ko ya sayar da motar ya huta.

Sai da ya fid da rai sannan suka zo. Surukin Mai Taya direban tirela ne, shi ya gano su a wani gari mai nisa, ya taho da su a bayan kujerarsa. Faɗi daidai, gefe daidai, harafi daidai, robar da laushi har tana kama yatsa. Mai Taya ya ɗaura su da kansa, ya hau da su injin daidaita nauyi yana manna 'yan dalma har suka daina rawa, ya auna iska sau biyu. Da aka sauke jak, motar ta zauna daram a ƙafafunta huɗu.

Ranar hutu da safe Malam ya fita da ita sabon titin bayan gari, inda babu kowa sai tsuntsaye a kan waya. Sitiyari ya tsaya cak a hannunsa. Ya shiga kwana, motar ta bi kamar an zana mata layi. Hanya ta miƙe fetal a gabansa, ya taka totur, injin ya yi gurnani, kujera ta tura bayansa. Kafin ya ankara ƙafarsa ta ɗaga da kanta ta koma kan birki. Ya sake gwadawa, ta sake ɗagawa. Idonsa na kan madubi, yana neman yaron da zai tsallaka, da akuyar da za ta faɗo, da duk abin da ya saba hangowa kafin ɗalibi ya hango. Can sai wata motar siminti ta zo ta wuce shi, yaron motar na ɗaga masa hannu.

Ya gangara gefe ya kashe injin. Ya daɗe zaune yana jin ƙarfen na ƙas-ƙas yana hucewa. Da zai fito ya miƙe ƙafa, sai da ya kama ƙofa da hannu biyu, don kujerar ta yi ƙasa da yawa ga gwiwa irin tasa.

"Ka taka ta?" Mai Taya ya tambaye shi da ya biyo ta shagon.

"Na taka daidai gwargwado."

Mai Taya ya dube shi, ya matsa masa a benci, ya miƙo masa kofin shayi.

Bayan 'yan kwanaki ruwa ya sauko tun azahar, kamar da bakin ƙwarya. Motocin haya suka ɓace daga titi. Malam ya sallami ɗalibarsa ta ƙarshe, ya koma gida ya ɗauko motar, ya tafi ƙofar asibiti. Ya hango Maman Auta a ƙarƙashin rumfa cikin masu jira, ta ɗora jaka a ka, takalmanta a hannu. Ya tsaya a gabanta ya tura ƙofa.

Ta dubi motar, ta dubi ruwan, ta dubi mutanen da suka zuba mata ido.

"Yanzu fisabilillahi ta ina ake shiga?"

"Juya baya ki fara zama, sannan ki jawo ƙafafun."

Ta zauna da ƙyar, tana salati. "Wannan ai a ƙasa nake zaune, Baban Auta."

Ya kunna mata na'urar ɗumama mota. Ruwa ya kwanta a kan kwalta, manyan motoci na watsa shi gefe da gefe, amma tayoyin suka riƙe hanya, babu zamewa babu rawa. Ta fara ba shi labarin injin wankin da ya lalace tun safe, da shugabarsu da ta ce a wanke da hannu. Tana cikin maganar muryarta ta yi ƙasa. Da ya waiga a wajen danja, ta jingina kai da gilashi, baki a ɗan buɗe, hannayenta da sabulu ya cinye suna kan cinya. Rabon da ya ga ta yi barci da rana har ya manta.

Da suka iso kwanar gidansu bai shiga ba. Ya wuce, ya bi ta shataletale, ya haye gada, ya dawo ta bayan kasuwa, yana kauce wa kowane rami. Ruwan ya fara tsagaitawa sannan ta buɗe ido.

"Ina ne nan? Ba mu wuce gida ba?"

"Mun wuce."

Ta kalli shagunan da ke wucewa, ta gyara zama.

"To ƙara zagaye ɗaya. Bayana ya samu wuri."

Har yanzu Malam yana koyar da tuƙi, gwiwar ma tana nan yadda take. Motar takan kwana biyu ba ta fita ba. Amma ranar da aikin asibiti ya yi yawa, Maman Auta kan bugo masa waya wajen la'asar ta ce ya zo, kuma ya biyo da matashin kai.